Awon Baba

Ranar da na fara shigar da tirelar Baba cikin wasan kwamfuta, taya ɗaya kawai na gani, ita ma ba duka ba. Wani baƙin bango ne ya tokare allon daga ƙasa har sama. Sai da na ja kyamara baya, na ƙara ja, na kuma ja, sannan na gane ashe zanen jikin taya nake kallo. Motar ta danne garin da ke cikin wasan gaba ɗaya, gadoji da gidajen mai duk sun shige ƙarƙashinta.

Mama tana kan keken ɗinkinta a gefen falo. Ta tsayar da ƙafa, ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Wannan kuma wane dodo ne?"

Na ce, "Motar Baba ce."

Ta ce, "Ai da haka take, da man duniya bai ishe ta ba." Ta ci gaba da ɗinkinta.

Baba kuwa yana kujerarsa ta bakin taga, ya ba mu baya, shuɗin tawul ɗin nan a kan cinyarsa. A ƙarƙashin tawul ɗin hannunsa na dama yake, kuma saboda hannun nan nake wannan wahalar duka.

Sama da shekara talatin Baba yana jan tirela. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi a gida, wata safiya yana sa takalmi, kuma duk sanda Mama ta tuna sai ta gode wa Allah da ba a kan hanya ba ne. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda. Magana ma ta dawo, sai dai a hankali take fita, kalma na jiran kalma. Hannun ne ya tsaya. Mai gashin ƙashi ta faɗa mana a gabansa, ba ɓoye-ɓoye: hannun bai mutu ba, jijiya na nan da ranta, amma in bai riƙa motsa shi ba yatsun za su ƙanƙame su sandare, in kuwa suka sandare shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ƙwallon na nan ƙarƙashin kujera, kyanwarmu ce ke gashin ƙashi da shi.

Mun yi lallashi, mun yi faɗa. Mama ta yi kuka, ni na yi fushi har gaisuwata ta gajarce. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Hannun da ba zai sa giya ba, me zan tashe shi ya yi?" Mai motar ya riga ya ba wani direban makulli.

Ni aikina ƙera siffofi a kwamfuta. A ofishin masu zanen gine-gine nake, su zana gida a takarda, ni in tayar da shi a allo har mai gida ya ga inda zai ajiye gadonsa tun ba a haƙa fandisho ba. Shi ya sa Baba ke kirana Injiniya, rabi yabo rabi zolaya. A ranakun hutu kuma ina wasan tuƙin tirela, ina cikin masu yi wa wasan ƙari, wato mu ƙera abin da kamfanin wasan bai sa ba, mota ko kujera ko allon hanya, mu cusa a ciki. Don haka da maganar giya ta ishe ni sai na ce ai abin nema ya samu. Na sayo sitiyari da sandar giya da matakan birki da totur, irin waɗanda ake jonawa da kwamfuta, na ɗaure su a teburin falo, na kira shi.

Ya dubi sitiyarin, ya dubi motocin da ke cikin wasan, masu ƙyalli kamar an lashe su. Ya ce, "Injiniya, ni za ki mayar yaro? Waɗannan motocin 'yan gayu ne. Ko ɗaya ba ta taɓa jin nauyin kaya ba." Ya koma bakin tagarsa.

Na ce a raina, to, taka za ta shigo. Da Mama ta ga na fara tattara tsofaffin hotunan motar sai ta girgiza kai ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan ba a waje na tsinto shi ba.

Ƙirar ba ta ba ni wahala ba. Na samo zanen kamfanin da ya ƙera irin motar, da tsawo da faɗin komai a jiki, sauran kuma hotuna suka cike min. Siffa a kwamfuta raga ce kawai, ɗigo-ɗigo da aka haɗa da layuka, sannan a lulluɓe ta da launi. Na saƙa ragar kan motar. Na sa tsagewar da ke kusurwar gilashin gaba, na sa rediyon da maɓallinsa ya ɓace aka maye shi da murfin biro, na naɗe kan giya da baƙin salatif kamar yadda yake. Har matashin kujerar da Mama ta ɗinka masa na sa, mai kauri, da furannin da rana ta cinye launinsu. Ina gamawa na fitar da fayil ɗin daga manhajar ƙira na shigar da shi wasan, shi ne na ci karo da dodon nan.

Laifina ne, da laifin sabo. A ofis da santimita muke ƙirga komai, hannuna ya riga ya saba. Wasan kuwa da mita yake ƙirga. Na ce masa faɗin motar ɗari biyu da hamsin, ina nufin santimita, shi kuma ya ji mita, ya yi min daidai abin da na ce. Kwamfuta ba ta da kara, ba ta taɓa ce wa mutum "anya kuwa?"

Sai na yi gaggawa, halina. Na rage motar ninki ɗari a cikin manhajar, sannan wurin fitarwa na ga wani zaɓi na mayar da santimita mita, shi ma na danna, wai ni mai tabbatarwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Wannan karon na shiga wasan na tarar da fili wayam. Na yi ta dube-dube, sai can a gindin wata fitilar titi na hango ta, 'yar ficiciya kamar akwatin ashana, da tsagewar gilashinta da matashinta da komai. Ragi biyu na yi mata maimakon ɗaya.

Na cire ɗaya. Motar ta fito daidai, na yi murna, na tayar da ita. Tana motsawa tayoyin suka kumbura suka koma girmansu na farko, sitiyari ya haɗiye motar da kanta. Nan na koyi abin da ya kamata a ce na sani tuntuni. In ka rage abu ba ka tabbatar da ragin ba, manhajar na nan riƙe da tsohon girman a cikinta, ta dai rubuta a gefe cewa a nuna shi ƙarami. Duk abin da ke juyawa kuwa, da wasan ya kama shi sai ya manta da rubutun gefen. Na yi wa Mama wannan bayanin don in huce haushi.

Ta ce, "Wato kin naɗe ƙafar wando da fil, ba ki bi da ɗinki ba."

Na ce, "Haka ne."

"To bi da ɗinki mana, kin tsaya kina ba ni labari."

Na bi sassan motar ɗaya bayan ɗaya ina tabbatar da girmansu, har lambobi ukun da ke gefen kowanne suka koma ɗaya, ɗaya, ɗaya. Na mayar da ƙirgan fayil ɗin mita. Sannan na ƙera wani akwati, mita ɗaya ta kowane gefe, na mayar da shi ɗan aikena. Kafin in fitar da komai sai in fara tura shi, in ya isa cikin wasan yana nan a mitarsa ɗaya, na san hanya lafiya.

Duk wannan bidirin Baba yana ba mu baya. Amma tagar da yake kallo ta gilashi ce, kuma da yamma in haske ya ja, allon kwamfutata na fitowa a cikinta tar. Na lura, na yi gum da bakina. Ranar da motar ta fito daidai ta tsaya a bakin wani gidan mai, a cikinta akwai direban da wasan ke sawa a kowace mota, wani saurayi mai baƙin tabarau da gashi a kwance. Sai na ji murya daga bakin taga.

"Wa ya ba wannan yaron makullina?"

Keken Mama ya tsaya cak. Ni kuwa na ɓoye murnata, na dake na ce, "Shi suka ba ni, Baba. Ba ni da direba."

"Ki sauke shi. Daga gani ko gaisuwa bai iya ba."

Na buɗe sabon fayil, fili fetal ba komai a ciki, na fara ƙera Baba. Hoton fuska kawai na nema. Me zan yi da sauran? Ubana ne, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na ɗauko siffar mutum irin wadda ake farawa da ita, na ga ta yi min ƙanƙanta, na ja ta sama. Kafaɗun ba su yi ba, na buɗa su. Hannayen kuwa na daɗe a kansu, in ƙara, in ja baya in duba, in sake ƙarawa, har sai da na ga hannun da na sani. Na yi wa na hagu duhu fiye da na dama, don shi ne ya sha rana a tagar mota. Na sa masa hularsa. Na jera ƙasusuwa a cikin ragar, su ne wasan ke kamawa ya lanƙwasa gwiwa da wuya da yatsu, na ɗaura kyamarar direba a ƙashin kai, don abin da idon siffar ya gani shi mai tuƙi zai gani a allo. Na tura akwatina, ya isa lafiya. Na tura Baba.

Kansa ya fasa rufin motar. Daga wuya zuwa hula duk suna waje suna shan iska. Gwiwoyinsa sun huda gaban motar, hannayensa sun wuce sitiyari sun fita ta gilashi. Da na koma kyamarar direba sai ga ni a sama, ina kallon rufin mota da wayoyin lantarki.

Mama ta yi dariya har da riƙe ciki. "Oga Direba, zo ka ga kanka, ka zama bene!"

Baba bai juyo ba. Amma a gilashin taga na ga gefen bakinsa mai lafiya ya motsa.

Na ce tsohon ciwo ne ya dawo, na zage damtse. Asabar guda na ɓata a kansa. Na duba ƙirga, mita ce. Na duba lambobin gefe, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Na duba ƙasusuwan daban, don wani lokaci akan tabbatar da girman raga a manta da nasu, su kuma su ja ta su miƙe, amma su ma lafiyarsu ƙalau. Na sake fitarwa da zaɓin nan a danne, na sake fitarwa ba shi. Na kai ƙara zaurenmu na intanet, inda masu yi wa wasan ƙari ke taruwa, kowa ya aike ni inda na riga na je na dawo. Wani har tambayata ya yi ko na gwada kashe kwamfutar in kunna. Allah ya ba ni haƙuri ban amsa masa ba. Na zagi kwamfutar, na zagi wasan, na zagi wanda ya ƙirƙiro santimita. Mama ta ajiye min shayi, ya huce, ta zo ta ɗauke abinta.

Sai da dabara ta ƙare min na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na kawo akwatin cikin fayil ɗin Baba na ajiye a gefensa. Bai kai ƙugunsa ba. Na ɗora na biyu a kai, da ƙyar ya taɓo haɓarsa. Mita biyu da santimita talatin. Hanya lafiyarta lau, wasan bai yi min ƙarya ba. Ni ce na ƙera shi haka da hannuna.

Na zauna ina kallonsa, sai na gane inda na samo mutumin nan. Daga ƙasa na samo shi, daga bakin ƙofar gida, ina 'yar mitsitsiya na ɗaga kai, ƙofar mota ta buɗe can sama, ya sauko ya tare rana, ya sure ni da hannu ɗaya. Na girma, na yi karatu, na iya auna bene mai hawa goma, amma shi ban taɓa sake auna shi ba. Tun da ciwon ya same shi kuwa ba na iya tsayar da ido a kansa, don kallon na min ciwo.

Mama ta zo ta tsaya a bayana. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta rage murya ta ce, "Wai da gaske haka kike ganinsa?"

Na ce, "Mama, ba dogo ba ne?"

"Wa? Babanki?" Ta waiga ta tabbatar ya shiga ɗaki. "Lokacin da yake nemana, in na sa takalmi mai tsini sai ya ɗaga kai yake min magana. Ke a zatonki matashin nan na kujera na mene ne? Ba don taushi na danƙara masa auduga ba." Ta zare tef ɗin awo daga wuyanta ta rataya min. "Je ki auno shi."

Washegari da hantsi na je masa da tef. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Likkafani za a ɗinka?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" in ji Mama daga kicin.

Na ce, "Direba nake so in sa a mota, Baba. Wanda na yi ya ƙi shiga."

Sai ya laluba sandarsa ya miƙe, ya jingina bayansa da bango, tawul ɗin na rataye a hannun da ya maƙale a cikinsa. Na matso kusa, sai ga ni ina kallon tsakiyar hularsa, har na ga wani zare da ya warware a wurin. Ashe na fi shi tsawo, kuma ban san tun yaushe ba. Na taka bakin tef ɗin da ƙafa na ja shi sama. Mita ɗaya da sittin da biyu. Na auna kafaɗa zuwa kafaɗa, tef ɗin bai yi wata tafiya ba ya iso. Na auna hannun hagu, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, daga nan zuwa wuyan hannu, yana miƙo min shi kamar a gaban tela. Sai na zagayo dama.

Ya ce, "Ki ƙirga na hagun sau biyu."

Na ce, "A wasan kowane hannu da awonsa."

Ƙarya nake. Maɓalli ɗaya zan danna na hagu ya haifi na dama. Ina jin shi ma ya san ƙaryar ce, amma bai hana ni ba da na ɗage tawul ɗin. Tun a asibiti rabon da in taɓa hannun nan. Ba nauyi, ga sanyi, yatsun sun dunƙule cikin tafi. Kantar giya kuwa na nan daram a gindin tafin, ba ta san an daina aiki ba. Na riƙa miƙar da yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don tef ya kwanta. Shi kuma ya kafa wa silin ido.

"Wancan ƙaton da kika yi," ya ce, kalmomin na fita da ƙyar, "wane ne?"

"Kai ne."

"Ni ban taɓa zama haka ba."

"Na sani yanzu."

"To ga abin da ya saura, kin gani da idonki. Ki bar wancan ɗin. Ya fi kyan gani."

Na ce, "Wancan bai iya shiga motar ba, Baba. Ni kuma wanda zai shiga nake so."

Ya karɓi tawul ɗinsa da hagu, ya rufe hannun, ya koma kujerarsa.

Ragewar ta fi ƙirar wuya. Ba ragi ɗaya zan danna in wuce ba, tunda ba tsawo kaɗai na ƙara masa ba. Sai da na bi kafaɗu daban, ƙirji daban, tafin hannu daban, ina duba awon da na ɗauko, kuma duk ragin da na yi sai in ji kamar wani abu nake ƙwace masa. Na rage ƙasusuwa tare da raga don kada wani ya ja wani, na tabbatar da girman kowanne. Na tura akwati, na tura Baba. Ya sauka a kan matashinsa kamar dama can yana nan. Hannayensa suka faɗa kan sitiyari ba tare da na gyara komai ba. Na koma kyamarar direba, ga tsagewar gilashi a kusurwarta, ga titi ya miƙe a gaba.

Ban kira shi ba. Ranar Lahadi da la'asar na tayar da motar a bakin gidan man nan, na ƙure ƙarar lasifika, na bar ta tana diri, na je na zauna kusa da Mama ina taya ta warware wani ɗinki. Ba a jima ba muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda.

"Mota na ƙona mai a banza," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba.

Ya zauna a gaban teburin. Ya ɗora hannun hagu a kan sitiyarin, ya shafa shi ya zagaye. Ya daɗe yana kallon allon. Can ya ce, "Nan ne. Daidai nan hanya take zuwar min." Sannan ya juya ya dubi sandar giyar da ke damansa. Mama ta matse min hannu.

"Injiniya, jawo kujera. Ke za ki sa giya."

Duk wahalar nan, ashe hannuna zai ara. Amma na jawo 'yar kujera na zauna a damansa, na kama sandar.

"Ta ɗaya. A hankali, ba daka kike ba."

Ya fitar da motar daga gidan man, ya buɗe kwana sosai don wutsiyar ta samu wuri, ko gefen titi bai shafa ba. Ya kira ta biyu, ya kira ta uku, ina sawa. Mama ta taso ta tsaya a bayanmu da almakashi a hannu. Wata ƙaramar mota ta shige gabansa, ya ce mata, "Ke kuma ina za ki, gidan ubanki ne ke ci da wuta?" Rabon da mu ji magana mai tsawon haka daga bakinsa har mun manta. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma tawul ɗin na nan inda yake, kuma na san yatsun ba za su jira mu ba.

Muka fita gari, titi ya yi fili. Ya danna maɓalli da babban yatsa don ya duba madubin dama, kyamarar ta juya ta ratsa ta kan kujerar gefe. Ya bar ta a nan fiye da yadda direba ya kamata ya kau da ido daga hanya.

"Kujerar nan ba kowa," ya ce.

"Ba kowa, Baba."

"Ki sa yarinyar."

"Wace yarinya?"

"Wadda ke zama nan in an yi hutun makaranta. Ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, ga surutu kamar rediyo. Duk saniyar da muka wuce sai ta tambaye ni sunanta."

Mama ta yi wata 'yar dariya a bayana, wadda ba dariya ce zalla ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina kallon sandar giya. Na ce, "Ban san girmanta ba, Baba. Na daina aiki da ido, ka ga abin da ya ja min."

Ya mayar da kyamara kan hanya. Wata doguwar kwana ce ke tahowa, hannun hagunsa na kan sitiyari yana bi da ita. Sai na ga tawul ɗin ya motsa. Ya zame daga cinyarsa ya faɗi ƙasa. Hannun ya taso yana rawa, ya tsaya, ya ƙara tasowa. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Hannun ya kai daidai ƙirjinsa, a tsakanina da shi, tafin na kallon ƙasa, yatsun suna ƙoƙarin buɗewa kamar za su sauka a kan wani ƙaramin kai.

"In ta zauna, nan take kawo min," ya ce, idonsa na kan titi. "Auna da sauri, ba zan iya riƙewa ba."

Mama ta cillo min tef. Na kafa bakinsa a kan kujerarsa na ja shi sama zuwa tafin hannun. Hawaye suka cika min ido, lambobin suka narke. Kafin in share, hannun ya faɗi a cinyarsa.

Na ce, "Baba, ban gani ba. Sake ɗagawa."

Ya ja tsaki ya ce, "Wai Injiniya."

Ya sake ɗagawa.